Yadda kotun ɗaukaka ƙara ke karanta doka, yarjejeniya da shaida: jagora ga 'yan kasuwarmu na Legas

Wanda aka kayar a Babbar Kotun Jihar Legas yakan ce wa lauyansa a kai maganar gaba, shi zai yi wa manyan alƙalai bayani da bakinsa. Ba zai samu wannan damar ba. A Kotun Ɗaukaka Ƙara ba a kiran shaidu sai a yanayi na musamman ƙwarai, ba a sake rantsar da kowa, ba a neman tafinta. Alƙalai uku ne aƙalla ke zama, a gabansu akwai kundin abin da ya gudana a kotun ƙasa da rubutattun hujjojin lauyoyi. Idan magana ta kai Kotun Ƙoli a Abuja, alƙalai biyar ne aƙalla, bakwai kuma idan fassarar kundin tsarin mulki ake yi. Dukkansu takarda suke karantawa. Duk abin da bai shiga takarda ba, a wurinsu bai faru ba, ko da duk Mile 12 ta san gaskiyar lamarin.

Kalmomin da ke cikin kundin nan iri uku ne, kuma ba mu'amala ɗaya ake yi da su ba. Ma'anar doka da ma'anar rubutacciyar yarjejeniya, alƙalin sama yana da ikon karanta su da kansa ya ce na ƙasa ya yi kuskure, domin takardar da na ƙasa ya gani ita ce a gabansa. Maganar bakin shaidu kuwa, yana jin nauyin taɓa ta, saboda bai ga fuskar mai shaidar ba. Wannan bambancin shi ke nuna maka ko ɗaukaka ƙararka na da ƙafa ko ɓarnar kuɗi ce.

Lokaci da kundi tukuna

Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata 3 don ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 kan hukuncin da aka yanke a tsakiyar shari'a, kwana 90 a shari'ar laifi. Idan lokaci ya wuce sai an roƙi ƙari, kuma sai an nuna abu biyu tare: dalili mai ƙarfi na jinkirin, da hujjar ɗaukaka ƙara da ta cancanci a saurara. Shigar da ƙarar kaɗai ba ya hana a zartar da hukunci a kanka. Neman dakatar da zartarwa roƙo ne daban, kuma wanda ya manta da shi yana iya wayar gari an kulle masa asusun banki alhali ƙararsa na gaban kotu.

Bisa ƙa'idojin kotun na 2021, rajistaran kotun ƙasa yana da kwana 60 ya haɗa kundin ya aika. Idan bai yi ba, nauyin ya dawo kan mai ɗaukaka ƙara cikin kwana 30. Bayan kundin ya iso, mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa, abokin shari'a kwana 30, sannan kwana 14 na martani. Da kundin ya fito, ka zauna da lauyanka ya karanta maka shafukan da ke ɗauke da shaidarka layi-layi. Kotun sama tana ɗaukar abin da ke cikin kundi a matsayin daidai. Wanda ya ce ba haka ya faɗa ba, sai ya yi takardar rantsuwa yana ƙalubalantar kundin, a kai wa alƙalin da ya rubuta ko rajistaransa don su amsa. Ƙorafin lauya da baki a ranar zama ba ya gyara ko wasali ɗaya.

Yadda ake karanta doka

Mafari kullum shi ne ma'anar kalma ta yau da kullum. Idan lafazin a fili yake, kotu ba ta tambayar ko sakamakon ya yi daɗi. Shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 ta isa misali. Dokar lauyoyi ta ce lauya shi ne mutumin da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi. Sai aka shigar da takardu a Kotun Ƙoli da sa hannu a sunan ofishin lauyoyi, ba sunan mutum ba. Kotu ta ce ofishi ba ya cikin rajista, ta yi watsi da takardun. A 2012, a shari'ar First Bank da Maiwada, an roƙi cikakken zaman kotun ya sassauta, ya ƙi. Don haka ka duba da idonka: a ƙasan takardar ɗaukaka ƙararka akwai sunan lauya ɗaya takamaimai da sa hannunsa, ko sunan kamfani kawai aka buga?

Sai dai lafazi a fili ma yakan raba kan alƙalai. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 doka ta ce ɗan takara sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya samu kashi 19.94 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, dole a cika 13. Kotun Ƙoli, wadda a nan Legas take zama a wancan zamani, ta ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake nema a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta ne, wato ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya haura haka. Mai shari'a Kayode Eso ya saɓa, ya tsaya kan 13. A Oktoban 2023 kuma gardamar ta koma kan kalmar "da" a sashe na 134 na kundin tsarin mulki, mai magana kan zaɓen shugaban ƙasa: jihohi da Abuja. Kotu ba ta tsaya kan kalmar ita kaɗai ba, ta haɗa ta da sashe na 299 wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, ta yanke cewa babu wani sharaɗi na daban da ya rataya a kanta. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu, kuma ta fi amfani a aikace: ba a tsinke sashe ɗaya a karanta, ana karanta dokar gaba ɗayanta.

Idan ma'anar fili za ta kai ga shirme, ko lafazin na ɗaukar fuska biyu, sai kotu ta tambayi wace ɓarna aka yi dokar don a toshe. A nan ne kalmomin Ingilishi biyu da ke cike da dokokinmu suke wahalar da mutane. "Shall" a bisa al'ada dole ce, "may" kuma zaɓi. Amma sashe na 15(4) na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya yi amfani da "may" wajen ɗaukar bidiyon ikirarin wanda ake zargi, kuma Kotun Ƙoli a 2024 ta ce dole ake nufi, domin nauyi ne aka ɗora wa jami'in hukuma don kare ɗan ƙasa daga tilas. Ka ga ke nan ba kalmar kaɗai ake dubawa ba, har da wanda aka ɗora wa aikin da wanda aka yi don a kare.

Akwai kuma Dokar Fassara ta tarayya, wadda ke ba da ma'anar da za a ɗauka idan wata doka ta yi shiru. Jihar Legas na da irin tata don dokokin jiha. A dokar tarayyar, wata yana nufin watan kalandar Bature, ba tsayuwar jinjirin wata ba. Wajen ƙirga kwanaki ba a sa ranar da abin ya faru. Idan ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi ko ranar hutun gwamnati, a tsallaka zuwa ranar da ke biye. Lafazin namiji ya haɗa da mace, tilo ya haɗa da jam'i, "mutum" ya haɗa da kamfani. Waƙafi da aya ɓangare ne na doka, amma kanun sashe da ɗan bayanin gefen shafi ba sa ciki.

Abin da doka ta lissafa da suna, ta fitar da wanda ba ta lissafa ba. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta cire Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island daga ƙarƙashinta. Mai shago a Agege ko Idi-Araba yana ciki, mai ofis a Apapa ba ya ciki, kuma ba wani lauya da zai shigar da shi da wayon baki. Sashe na 13 na wannan doka ya ba ɗan hayar wata notis na wata 1, na wata uku da na wata shida notis na wata 3, ɗan hayar shekara notis na wata 6. Amma sashen ya buɗe da sharaɗi: wannan yana aiki ne idan ɓangarorin ba su yanke nasu wa'adin ba. Ɗan hayar shekara da ya sa hannu kan takardar da ta ce notis na wata 1 ya isa, ya sayar da wata 5 da hannunsa. Mutane da yawa sun haddace "wata shida" ba su taɓa karanta layin da ya gabace shi ba. Duk inda ka ga doka ta ce "sai dai idan", "bisa sharaɗin", ko "duk da abin da wani sashe ya ce", to nan ne nauyin yake.

Dokar da ke hukunta mutum ko ƙwace masa dukiya ana ƙuntata fassararta, shakka kuma ta amfani ɗan ƙasa. Kundin tsarin mulki, akasin haka, ana faɗaɗa masa fassara.

Yarjejeniya

Aikin kotu a nan shi ne gano abin da kuka nufa daga abin da kuka rubuta. Ba ta rubuta muku sabuwar yarjejeniya, ba ta ceto wanda ya yi mummunan ciniki. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baki don a sauya, a ƙara ko a saɓa wa abin da ke rubuce. A shari'ar Union Bank da Ozigi ta 1994, mai karɓar bashi ya dogara da wata fahimta da aka yi kafin sa hannu game da yawan kuɗin ruwa, takardar jinginar kuwa ta faɗi wani abu daban. Takardar ce ta yi nasara. "Ai mun yi magana da manaja" ba hujja ba ce.

Sashen yana da ƙofofi, kuma ya kamata ka san su: zamba, tursasawa, haramcin cinikin, kuskure, wata yarjejeniyar baki a kan abin da takardar ta yi shiru a kansa muddin ba ta ci karo da ita ba, sharaɗin baki cewa takardar ba za ta fara aiki ba sai wani abu ya faru, sabuwar yarjejeniyar baki da aka yi daga baya, da al'adar kasuwa da ba ta saɓa wa rubutun ba. Kowace ƙofa sai an ambace ta a takardun ƙara tun a kotun ƙasa an kuma kawo shaida. Ba a buɗe ta a karon farko a kotun sama.

Mu ɗauki misali na kusa. Dillalin wake a Mile 12 ya rubuta da wani kamfanin abinci na Ikeja cewa zai kawo "buhu 300 na wake, kafin ƙarshen wata, a biya bayan sauke kaya". Layi ɗaya, rigima huɗu. Buhu mai kilo nawa, 50 ko 100? Wane wake, fari ko ja, na bana ko na bara? Kafin ƙarshen wata a loda a Dawanau, ko a sauke a Ikeja? Bayan sauke kaya da kwana nawa? A kan "buhu", sashe na 129 na Dokar Shaida ya yarda a kawo shaida don bayyana kalmar sana'a ko ta yanki, don haka ana iya kiran shugabannin 'yan wake su faɗi abin da buhu ke nufi a kasuwar. Amma kamfanin zai ce shi ba ɗan kasuwar ba ne, bai san wannan al'ada ba, a ma'ajiyarsa buhu kilo 50 ne. Wannan sashen kuma ya hana a ɗauki kalma gama-gari mai ma'ana a fili a ce wata ma'ana ta ɓoye aka nufa. A kan lokacin biya, inda takarda ta yi shiru, kotu za ta ce "lokacin da ya dace", wanda alƙali ne zai auna shi, ba kai ba. Da an rubuta "buhu 300, kowanne kilo 100 ba tare da nauyin buhun ba, farin wake na bana, a sauke a ma'ajiyar mai saye da ke Ikeja ranar 30 ga Nuwamba ko kafin nan, a biya cikin kwana 7 ta asusun banki kaza", da babu abin fassarawa.

Haka "bayan Sallah". Ƙarama ko babba, ta wace shekara? Rubuta rana da wata da shekara. Kuɗi kuma a rubuta da lamba da kalmomi. A takardar ceki idan suka saɓa, na kalmomi ake bi. Kafin alƙalami a fayyace shi: ɓangaren farashi ne da za a mayar idan ciniki ya rushe, ko kuɗin riƙe ciniki ne da mai saye zai rasa idan shi ya janye? La'adar dillali a faɗi wanda zai biya da lokacin da ta wajaba.

Idan takardu da yawa ne suka haɗa ciniki ɗaya, kamar wasiƙar tayi, rasit, webil da saƙonnin WhatsApp, kotu tana karanta su tare. Saƙon waya shaida ne, amma sai an bi sashe na 84 na Dokar Shaida, wanda ke neman bayani ko takardar tabbaci kan na'urar da aka ciro shi. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet a shari'ar Kubor da Dickson saboda rashin wannan. Kada ka sayar da wayar, kada ka goge hirar. Saƙon murya da Hausa sai an rubuta shi an fassara.

Sharaɗin da aka rubuta da hannu ko aka buga musamman don cinikinku ya fi ƙarfin wanda ke cikin fom ɗin da aka buga wa kowa. Jerin abubuwa da aka rufe da "da sauransu" yana ɗaukar irinsu ne kawai: idan takardar jigila ta yafe wa mai mota jinkirin "gobara, ambaliya, tarzoma da sauransu", da wuya tsadar man dizal ko cunkoson hanyar Apapa da kowa ya sani tun kafin a sa hannu su shiga ciki. Sharaɗin da ke cire wa wani alhaki, irin wanda ake bugawa da ƙananan haruffa a bayan webil cewa asarar kaya na kan mai kaya, ana ƙuntata shi, kuma idan yana da fuska biyu a fassara shi a kan wanda ya rubuta. Amma fa sai akwai fuska biyun. Idan a fili yake, an kuma nuna maka shi kafin ka ba da kaya, ya ɗaure ka.

Ka kula da wasiƙar da aka rubuta wa "subject to contract" a samanta, ma'ana ba a ƙulla ba tukuna sai an sa hannu a cikakkiyar takarda. A shari'ar UBA da Tejumola ta 1988, kan hayar wani gini a cikin tsibirin Legas, masu ginin sun kashe kuɗi suna gyara shi yadda banki ke so, bankin ya janye. Kotun Ƙoli ta ce babu haya, domin ba a tsayar da ranar da za ta fara ba. Kada ka fasa bango ko ka zuba kaya a shago kan ƙarfin irin wannan wasiƙa.

A cinikin fili da gida, lafazin doka yana hawa kan lafazin yarjejeniya. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce sai da amincewar gwamna ake sayarwa ko jinginarwa, sashe na 26 ya rushe abin da aka yi ba tare da ita ba. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, kan wani gida a Legas, kotu ta ce wannan ya shafi har wanda ya mallaki filinsa tun kafin dokar. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe, ta bayyana cewa ana iya sa hannu a jira amincewar, amma mallaka ba ta kammala sai ta fito.

Sai batun da ya fi shafar mutanenmu. Wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, takarda ta ɗaure shi ko ya karanta ko bai karanta ba, sai in an yaudare shi. Kariyar da ke akwai ita ce dokar kare wanda bai iya karatu ba: marubucin takardar ya sa sunansa da adireshinsa, a nuna cewa an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya sa hannu. To wane ne bai iya karatu ba? A 1962, a shari'ar kamfanin PZ da Gusau da Kantoma, kotu ta ce mutumin da ke karatu da rubutu da Larabci ba ya cikin waɗanda dokar ke karewa, ko da takardar da Ingilishi take. Hukunce-hukuncen baya, ciki har da na Otitoju a 1994, sun koma auna mutum da harshen da aka rubuta takardar. Duk da haka nauyin tabbatar da rashin iya karatun na kan mai da'awar, kuma alhajin da ke sa hannu da boko a ceki kullum zai sha wahala kafin a yarda. Hanya mafi sauƙi: ka zo da naka mai karantawa, ba na ɗaya ɓangaren ba, a rubuta a ƙarshen takardar cewa wane ya fassara ta da Hausa, shi ma ya sa hannu. Idan da Hausa ko ajami kuka rubuta, ta halatta, amma harshen manyan kotuna Ingilishi ne. Wanda ya kawo takardar shi zai kawo fassararta ta bakin shaida, kuma alƙali ba zai fassara da kansa ba ko yana jin harshen. Haka Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Ojengbede da Esan a 2001.

Shaidar baki

Tun shari'ar Mogaji da Odofin ta 1978, abin da ake nema daga alƙalin farko shi ne ya ɗora shaidar kowane ɓangare a ma'auni ya ga wadda ta rinjaya, ba da yawan shaidu ba, da nauyin abin da suka faɗa. Idan ya yi haka ya ce ya gaskata wane, kotun sama ba ta sauya wannan don kawai ita da ta ga dama da ta gaskata ɗayan. Tana sa baki ne idan hukuncin ba shi da tushe a kundi, ko an yi biris da shaida mai muhimmanci, ko an dogara da abin da bai halatta a karɓa ba, ko an fitar da ma'anar da ba ta bi daga abin da aka tabbatar ba. Idan Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka haɗu a kan abu ɗaya, Kotun Ƙoli ta fi ƙin taɓawa. Inda akwai takarda kuwa, da ita ake gwada maganar baki, kuma a nan ne mai ɗaukaka ƙara ya fi samun mashiga.

A Babbar Kotun Legas, a shari'ar da ba ta laifi ba, shaidarka rubutacciya ce da ka rantse a kanta tun farko. A zaman kotu amincewa kawai za ka yi da ita, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya taso da tambayoyin ƙure. Kada ka rantse kan abin da ba a karanta maka da Hausa ba. Abin da ba a ambata a takardun ƙara ba, ko ka faɗe shi a kotu ba a lissafa shi. Abin da abokin shari'a ya faɗa lauyanka bai ƙalubalanta da tambaya ba, ana ɗauka kun yarda.

Ga inda harshe ke cin mutane. Lauya ya ce, "Alhaji, ka yarda akwai naira miliyan 4 tsakaninku?" Alhaji ya ce, "To, akwai bashi." Tafinta ya juya, alƙali ya rubuta cewa shaida ya amsa ana bin sa bashi, alhali shi ke bi. Bayan shekaru, alƙalai uku za su karanta wannan layin ba tare da sun ji muryar ba. "To" da "na ji" a bakinmu ladabi ne, a kundi suna iya zama amincewa. "Ɗan'uwana ne" kan koma ɗan uwa ɗaya uba ɗaya, sai a kama ka da ƙarya idan ta bayyana garinku ɗaya kawai. "Kwanan baya" ba rana ba ce. Amsa da cikakkiyar jimla: ni nake bin sa, miliyan 4, kuɗin albasa. Idan ba ka gane tambaya ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita." Idan ka lura tafinta ya gajarta maganarka, ko Hausarsa ba ta kai ba, ka faɗa nan take, lauyanka ya nemi a rubuta ƙorafin. A shari'ar laifi sashe na 36(6)(e) na tsarin mulki ya ba ka tafinta kyauta, amma tun shari'ar Gwonto ta 1983 kotu ta ce wanda ke da lauya bai yi ƙorafi a lokacin ba, ba zai tayar da shi a sama ba.

Bayanin da aka ɗauka a ofishin 'yan sanda ta bakin tafinta yana da tasa ƙa'idar. Idan da Hausa wanda ake zargi ya yi magana, wani ya fassara, wani ya rubuta da Ingilishi, to sai an kira tafintan da marubucin duka sun ba da shaida, in ba haka ba takardar ji-ta-ji-ta ce. A kan wannan Kotun Ƙoli ta tsaya a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman a 2012. Dokar shari'ar laifuka ta Jihar Legas, a sashe na 9(3), ta ƙara da cewa a ɗauki ikirari a bidiyo, in babu na'ura a yi shi gaban lauyan wanda ake zargi.

Saɓani tsakanin shaidu ba kowanne ke rushe ƙara ba. Ɗaya ya ce da la'asar motar ta iso, ɗaya ya ce gab da magariba: kotu na ɗaukar wannan alamar ba a haddace maganar ba. Ɗaya ya ce a hannu aka ba da kuɗin a Agege, ɗaya ya ce ta banki aka tura: wannan ya taɓa zuciyar magana.

Abin da za ka tambayi lauyanka kafin ka biya kuɗin ɗaukaka ƙara

Ka ce ya nuna maka layin da alƙali ya yi kuskure a cikin hukuncin, da lambar shafi. Kowace hujjar ɗaukaka ƙara dole ta kai hari kan dalilin da hukuncin ya tsaya a kai. Maganar da alƙali ya yi a wucewa, ko da ta yi zafi, ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Ka tambaye shi ko kuskuren na doka ne, na tantance shaida ne, ko gauraye. A kan hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu da ta fara jin ƙarar, sashe na 241 na kundin tsarin mulki ya ba ka dama kai tsaye ko wane iri ne. A kan hukuncin tsakiyar shari'a, idan hujjar ba ta doka zalla ba ce, galibi sai an nemi izini a ƙarƙashin sashe na 242, kuma hujjar da aka shigar ba izini ana soke ta komai kyanta. Sanya mata suna "kuskuren doka" ba ya taimakawa, kotu tana karanta cikinta ne. Sannan ka tambaye shi ko gyara kuskuren zai sauya sakamakon, domin kotun sama tana iya yarda an yi kuskure ta kuma bar hukuncin yadda yake idan bai jawo rashin adalci ba.

Idan batu ne da ba a tayar a kotun ƙasa ba, sai da izini, ban da batun hurumin kotu wanda ake iya tayarwa a kowane mataki. Ƙarewar wa'adin shigar da ƙara na cikin abin da ke taɓa hurumi: a Legas shekara 6 ne ga bashi da yarjejeniya ta yau da kullum, shekara 12 ga fili. Idan wanda kake bi ya rubuta ya sa hannu cewa ya amsa bashin, ko ya biya wani ɓangare, ƙirgar shekara 6 ɗin tana farawa sabuwa daga wannan ranar, don haka a sa kwanan wata a takardar a ajiye asalinta.